Sa'ad da Tafki Ya Janye

Karatun yau: 1 Sarakuna 17:1-16, 2 Tarihi 32:1-8, 30

 Godiya ta tabbata ga Allah da ya tsare mu cikin dare, ya kuma tashe mu lafiya. Kafin hidimar yini ta ɗauke hankalinmu, mu ɗan zauna a gabansa mu yi bimbini a kan ruwa, da abin da yakan faru idan ruwan da mutane suka saba gani kullum ya fara ja da baya.

A kudu maso yammacin Amurka, kan iyakar jihohin Nevada da Arizona, akwai wani tafki da ake kira Mead. Hannun mutum ne ya tara shi. An tare Kogin Kolorado da madatsar Hoover a shekarun 1930, ruwa ya taru a bayanta har ya zama ma'ajiyar ruwa mafi girma a ƙasar. Hamada ce ta kewaye shi ta kowane gefe, zafi kuwa a watan Yuli yakan haura digiri 40, shi ya sa ya zama wurin hutun miliyoyin mutane kowace shekara. Idan aka tashi aiki ranar Juma'a, iyalai daga birnin Las Vegas sukan ɗaura ƙananan jiragensu a bayan mota su nufi tafkin. Yara su yi iyo, iyaye su jefa ƙugiya, a gasa nama a bakin ruwa, wasu ma su yi hayar jirgi mai ɗakuna su kwana a tsakiyar tafkin. A 1964 majalisar ƙasar ta mai da shi wurin shaƙatawa na ƙasa, shi ne na farko da aka ba wannan matsayi.

Ruwan da ke cika shi daga nesa yake zuwa. Dusar ƙanƙara ce take zuba a kan tsaunukan Roki lokacin sanyi, ta narke idan zafi ya shigo, ta gangaro cikin kogin. Tun daga shekarar 2000 fari ya kama yankin. Zafi ya ƙaru, ƙasa mai ƙishi tana shanye abin da ya narke tun bai kai kogi ba. Masana da suka yi nazarin zoben cikin tsofaffin itatuwa sun bayyana a 2022 cewa cikin shekara 1,200 yankin bai ga shekaru 22 masu bushewa irin waɗannan ba. Idan tafkin ya cika maƙil, samansa yana kaiwa fiye da ƙafa 1,220 bisa teku. A ƙarshen Yulin 2022 ya sauka zuwa ƙafa 1,040, abin da ya rage a cikinsa kuma kimanin kashi 27 ne cikin 100. Tun da aka cika shi ba a taɓa ganinsa haka ba.

Abin da ya fara tsayawa shi ne wasa. A wuraren saukar da jirage akwai gangaren siminti mai faɗi, wanda direba ke bi da baya-baya har tayoyin tirela su nutse, jirgi ya hau ruwa. Da ruwa ya ja, sai simintin ya ƙare a kan tsakuwa, ruwan kuma yana can gaba ana hangen ƙyallinsa. Hukumar da ke kula da wurin ta yi ta ƙara wa gangaren tsawo, ta zuba siminti, ta shimfiɗa ƙarafa, ta kashe miliyoyin daloli, amma kafin a gama wannan ƙarin ruwa ya sake matsawa. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe mashigun, har ya zama a zafin 2022 guda ɗaya tak ta rage, ta Hemenway, inda motoci ke yin dogon layi cikin rana, yara a kujerar baya sun gaji da tambayar yaushe za a shiga. Waɗanda suka taka zuwa bakin ruwa sun tarar da laka mai busasshen sama da ɗanyen ciki, ta riƙe ƙafa, ta riƙe tayar mota. Duwatsun da suke can ƙasa a da sun taso dab da saman ruwa suna fasa cikin jirage. A jikin tsaunuka kuwa wani farin zane ya zagaye tafkin, gishirin da ruwa ya bari ne, tsayinsa ya fi bene mai hawa goma, yana nuna wa kowa inda ruwa yake a da.

Kada mu raina wannan asara don mun ji an ce wasa. Wasan wani abincin wani ne. Akwai mai ba da hayar jirgi, da mai gyaran inji, da mai sayar da ƙanƙara da kayan kamun kifi, da yarinyar da ke kai abinci a tebur. Dukansu da zuwan baƙi suke ciyar da gidajensu. Mu kuma wannan labari ba baƙonmu ba ne. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Garuruwan bakin ruwa irin su Baga suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa, masunta da yawa suka jingine taru suka ɗauki fartanya, suna shuka masara da wake a inda suke kama kifi a da. A can hutun ƙarshen mako ne ya fara tafiya, a nan tuwon dare ne. Amma zuciyar da ta dogara ga ruwa ta ga yana janyewa, tsoronta iri ɗaya ne.

Hutu kyautar Allah ce. Shi ya ba mutum ranar Asabaci tun mutum bai roƙa ba. Ubangijinmu Yesu ma, da ya ga almajiransa ba su samun ko sararin cin abinci saboda yawan jama'a, ya kira su su keɓe su huta, a jirgi kuma suka tafi, a kan Tekun Galili. Saboda haka ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin abin da Allah ya ba shi. Sai dai kowannenmu yana da tafkinsa, wurin da yake zuwa ya sha iska idan rai ya gaji. Na wani albashi ne da ke shigowa a kan kari. Na wata lafiyar jiki ce da ba ta taɓa ba ta matsala ba. Na wani abokan hira ne, na wata 'ya'yan da suka cika gida da dariya, na wani kuma girmamawar da ake yi masa a ikkilisiya. Dukansu alheri ne. Dukansu kuma suna iya janyewa.

Annabi Iliya ya san wannan. Bayan ya tsaya a gaban sarki Ahab ya sanar da shi cewa za a rufe sama, Allah ya aike shi ya ɓuya a rafin Kerit, gabas da Urdun. Can hankaki suke kawo masa abinci da nama safe da yamma, yana shan ruwan rafin. Ka tsaya ka dubi zamansa a wurin. Rafi ba ya ƙafewa rana ɗaya. Yau ruwa yana gudu da ƙara, gobe ƙarar ta ragu. Dutsen da ruwa ke rufewa ya fito fili ya bushe. Inda yake ɗiba da sauƙi a da, yanzu sai ya durƙusa ya jira tafin hannunsa ya cika. Kowace safiya annabin yana ganin alamar inda ruwa ya kwana jiya, sama kuma tas babu ko ɗigon gajimare, Allah kuwa bai ce masa komai ba. Sai da rafin ya ƙafe ƙaf sannan magana ta zo masa cewa ya tashi ya tafi Zarefat.

Lura da wannan da kyau, domin akwai masu ɗauke da nauyin da Allah bai ɗora musu ba. Iliya bai yi wani zunubi da ya ƙafar da rafin ba. Yana daidai inda Allah ya ajiye shi, yana yin daidai abin da aka umarce shi, duk da haka ruwan ya ƙare, domin fari ya game ƙasar duka. Idan kasuwarka ta tsaya, ko ciwo ya kwantar da ke, ko an rage ma'aikata sunanka yana ciki, kada ka yi saurin yanke wa kanka hukunci, kada kuma ka yarda da masu cewa lalle akwai abin da ka ɓoye. Masu adalci ma rafinsu yakan ƙafe. Allah da ya ba da Kerit bai yi alkawarin cewa Kerit za ta dawwama ba. Alkawarinsa shi ne shi kansa ba zai rabu da bawansa ba.

Amma gaskiya tana da wani gefe da bai kamata mu kauce masa ba. Ba fari kaɗai ne ya rage Tafkin Mead ba. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwan Kogin Kolorado a takarda, daga baya aka ƙara rabon Meziko a 1944. Ma'aunin da suka yi amfani da shi na shekarun da kogin ya fi kawo ruwa ne. Sakamakon haka aka yi alkawarin ruwan da ya fi wanda kogin ke bayarwa, aka gina birane da gonaki a kan wannan alkawari, har mutum wajen miliyan 40 suka dogara da shi. Tafkin ne ya yi ta cike giɓin shekara da shekaru, ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa. Mu ma haka muke yi. Mukan tsara rayuwarmu bisa shekarar da ta fi mana albarka. Mu ɗauki adashi uku, mu ci bashi don biki ya yi suna, mu amsa kowace gayyata da kowane kwamiti, mu raba ƙarfinmu ga kowa, abin da ya saura wa Allah da iyalinmu kuwa guntun gajiya ne. Wanda ke ɗiba daga ransa kullum ba ya zubawa, ranar da farin zane zai bayyana a jikinsa tana nan tafe.

Da ruwan Mead ya ja, abubuwan da ya binne sun fito. Kufan garin St. Thomas, wanda aka kafa a 1865 ruwa ya cinye shi a 1938, ya sake bayyana, har mutane suna takawa tsakanin harsashin gidajen. Jiragen da suka nutse shekaru da dama suka fito, wani ma a tsaye hancinsa na kallon sama, gindinsa a kafe cikin laka. Wani jirgin sauke sojoji na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya fito. A ranar 1 ga Mayu 2022 kuma masu shaƙatawa suka ci karo da wata ruɓaɓɓiyar gangar ƙarfe a bakin ruwa, a cikinta akwai gawar mutumin da aka harbe. Daga tufafinsa da takalmansa 'yan sanda suka ƙiyasta cewa tun wajen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka kashe shi. Wanda ya jefa gangar ya tabbata a ransa ruwa ya rufe maganar har abada. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Wadata tana rufe abubuwa da yawa. Muddin kuɗi na shigowa, miji da mata za su iya shekara ba su zauna sun warware abin da ke tsakaninsu ba, sai ranar da cefane ya gagara tsohon ɓacin rai ya taso. Muddin hidima ta yi yawa, mutum ba zai lura cewa ya daɗe bai yi addu'a daga zuciya ba, sai ranar da ya kwanta a gadon asibiti ya buɗe baki ya rasa abin faɗa. Ƙiyayyar da ka riƙe wa ɗan'uwanka tun rabon gado, kuɗin ikkilisiya ko na ofis da ka taɓa ka ce za ka mayar, alkawarin da ka yi wa Allah a lokacin tsanani ka manta da shi da sauƙi ya zo, duk suna nan a ƙasa. A wurin Allah kuwa ba su taɓa ɓoyuwa ba, ko sa'ad da tafkin yake cike. Idan ya bar ruwa ya janye har ka gan su da idonka, jinƙai ne ya yi maka, domin abin da ya fito fili ana iya kawar da shi. Manzo Yohanna ya tabbatar mana cewa mai furta zunubinsa zai sami gafara da tsarkakewa a wurin Allah mai aminci. Kada ka jira ruwa ya dawo ya sake rufe shi. Ka kira shi da sunansa a gaban Allah yau, ka mayar da abin mayarwa, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa.

Ba abin kunya kaɗai fari ke tonowa ba. A farkon 1986 fari ya rage ruwan Tekun Galili, wasu 'yan'uwa biyu masunta suka ga bakin wani tsohon katako a cikin laka kusa da Ginosar. Da aka tona, sai ga jirgin kamun kifi mai tsawon mita 8 da ɗan kai, na wajen zamanin da Yesu ya yi tafiya a bakin wannan teku. An haɗa shi da katako iri-iri, jikinsa cike da alamun gyara a kan gyara, shaidar talakawan da suka yi ta lallaɓa shi don neman abinci. Shekara wajen 2,000 yana kwance a wurin, ruwa mai yawa ya hana a gan shi. Haka masu bi da yawa suke gano a lokacin rashi abin da ba su san suna da shi ba: ayar da uwa ta koya musu tun suna yara ta dawo da ƙarfi, maƙwabcin da ba su ɗauka a bakin komai ba ya zama shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon abinci, haƙurin da suke zaton ba su da shi ya bayyana.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a labarin Mead. Las Vegas da kewayenta, mutum fiye da miliyan 2, suna samun kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansu daga wannan tafki. A Afrilun 2022 saman tsohon bakin bututun da ke ɗebo wa birnin ruwa ya fito fili, kowa yana ganinsa a jikin dutse. Amma famfunan gidaje ba su ƙafe ba. Dalili kuwa shi ne, tun a 2008, lokacin da jirage ke ta kai da kawowa a saman tafkin, hukumar ruwan yankin ta fara haƙa wata hanya a ƙarƙashin gindin tafkin. Tsawonta ya kusa kilomita 5, ta ci dala miliyan 817, ta ci shekara bakwai, ma'aikaci ɗaya ya rasa ransa a cikin aikin. A 2015 aka buɗe sabon bakin a can ƙasan tafkin, inda ruwa zai kasance ko da na sama ya tafi, a 2020 kuma aka kammala injunan da za su iya turo shi daga wannan zurfi. Mutanen birnin sun kuma rage ɓarna, har jihar ta yi doka a 2021 a cire ciyawar ado da ba a amfani da ita. Masu wasa a saman ruwa ba su ga wannan aiki ba sa'ad da ake yinsa. Ranar da aka rufe mashigun jirage, shi ne ya shayar da su.

Sarki Hezekiya ya yi irin wannan hikima tun kafin haihuwar Almasihu da shekara 700. Da ya ga Sennakerib sarkin Assuriya ya nufo Urushalima, sai ya yi shawara da sarakunansa da jarumawansa, suka toshe maɓuɓɓugan da ke bayan gari, ya kuma karkato ruwan maɓuɓɓugar Gihon ya shigo da shi cikin birni. Hanyar ruwan da ake kira da sunansa tana nan har yau, mita 533 a cikin dutse, daga Gihon zuwa tafkin Siluwam. Ƙungiya biyu ce ta haƙa ta, ɗaya daga wannan baki, ɗaya daga wancan, da gatari da hasken fitila, a wurin da faɗinsa bai fi kafaɗun mutum ba. Rubutun da aka gano a jikin bangonta a 1880 ya ba da labarin lokacin da mahaƙan suka fara jin muryar juna ta cikin dutse kafin su haɗu. Har yanzu ruwa yana gudu a ciki, masu ziyara suna bi da ƙafa. Bayan ya gama shirinsa, Hezekiya ya tara jama'a ya ƙarfafa su, ya tuna musu cewa ƙarfin Assuriya na mutum ne kawai, su kuwa Ubangiji ne mataimakinsu. Ya haƙa dutse, ya kuma dogara ga Allah, bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan'uwa, idan yau tafkinka a cike yake, yanzu ne lokacin haƙa. Wannan ɗan zaman da kake yi da asuba, Littafi a buɗe, gida shiru, shi ne aikin. Babu mai ganinsa, babu mai yaba maka, wata rana ma za ka tashi ka ji kamar dutse kake sara. Ci gaba. Ka karanta Maganar a jere, littafi bayan littafi, kada ka tsaya ga ayoyin da suka yi maka daɗi kaɗai. Ka haddace wasu, domin ranar da ido ba zai iya karatu ba saboda hawaye ko ciwo, abin da ke cikin zuciya ne zai yi magana. Ka saba faɗa wa Allah gaskiyar halinka ba tare da ado ba. Ka riƙe zumunta da masu bi tun ba ka bukatar taimakonsu. Ka duba rayuwarka ka ga ciyawar adon da ke shanye lokacinka da kuɗinka, ka cire ta. Annabi Irmiya ya kwatanta mai dogara ga Ubangiji da itacen da saiwarsa ta kai ga ruwa, wanda shekarar fari ba ta hana shi ba da 'ya'ya. Zafin da ya sami sauran itatuwa shi ma ya same shi. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa. Yesu kuma ya gaya wa matar nan Basamariya a bakin rijiya cewa ruwan da shi yake bayarwa yakan zama maɓuɓɓuga a cikin mutum. Wannan ruwa bai dogara ga damina ba.

Idan kuwa naki rafin ya riga ya ƙafe, 'yar'uwa, kina kuma cewa a ranki lokacin haƙa ya wuce, ki bi Iliya zuwa Zarefat. Garin yana ƙasar Sidon, ƙasar mahaifin Yezebel matar Ahab, wurin da annabin ba zai taɓa zaɓa wa kansa ba. Wadda Allah ya shirya ta ciyar da shi kuma gwauruwa ce da ya tarar a ƙofar gari tana tsintar itace. Abin da ya rage mata gari ne cikin tafin hannu da ɗan mai a ƙasan tulu, niyyarta ta dafa su ci ita da ɗanta su jira mutuwa. Daga wannan ɗan abin ta fara toya wa baƙo. Garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba, har ranar da Allah ya sauko da ruwan sama. Ba a ce mana rumbunta ya cika ba. Kowace safiya takan sa hannu ta tarar da na ranar. Taimakon Allah yakan zo ta ƙofar da ba a zata ba, sau da yawa kuma daidai na yini ɗaya. Ki karɓe shi ba tare da raini ba, ki kuma buɗe hannu ga wanda ya fi ki bukata, domin a cikin rabawa ne gidan nan ya rayu.

Sanyin da ya shiga 2023 ya zo da dusar ƙanƙara mai yawa, Tafkin Mead ya ɗaga da fiye da ƙafa 20, aka sake buɗe wasu mashigun, jirage suka koma ruwa. Duk da haka kimanin sulusinsa ne kawai ya cika, farin zanen kuma yana nan a jikin tsaunuka. Shekara ɗaya mai albarka ba ta biyan bashin shekara ashirin. Haɗarin sauƙi shi ne mantuwa. Idan Allah ya mayar maka da abin da ka rasa, ka ji daɗinsa da godiya, ka kai 'ya'yanka su yi wasa, amma kada ka rufe hanyar da ka haƙa a lokacin ƙunci.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mai ba da damina da rani, mun gode maka domin kowane alheri da ka sanyaya ranmu da shi. Ka gafarta mana inda muka dogara ga kyautarka muka manta da kai. Ka nuna mana abin da muka binne, ka ba mu ƙarfin hali mu furta shi mu rabu da shi. Ka koya mana neman fuskarka tun muna cikin wadata. Muna roƙo domin waɗanda rafinsu ya ƙafe a wannan safiya: marasa aiki, marasa lafiya, gwauraye da marayu, ka ba su abincin yau, ka buɗe musu ƙofar da ba su sani ba. Ka tuna da masunta da manoma da makiyaya na Tafkin Chadi, da duk waɗanda abincinsu ke bakin ruwan da ke janyewa a ko'ina cikin duniya. Ka ba shugabanni hikima su raba ruwa da adalci, mu kuma ka hana mu ɓarna. Ka sa ruwan rai ya ɓuɓɓugo a cikinmu ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Kafin ka fita yau, ka zaɓi abu ɗaya da za ka gyara, da mutum ɗaya da za ka taimaka, ka kuma tsai da lokacin da za ka sake zama a gaban Allah gobe da asuba. Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.